Nijar: yadda tarihi da bambancin al'adu suka haɗa kan ƴan ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Yamai ya nufi Gigimi a kan babbar hanyar nan da ake ce ma hanyar haɗin kai, ya san abin da kunnensa ke ji. A tashar Yamai Zabarmanci ya fi yawa. Da an wuce Doso aka doshi Dogon Dutsi sai Hausa ta karɓe, ta riƙe Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa har Damagaram. Daga Gure zuwa Difa Barbarci ya shigo, ga Fulatanci a kusan kowace mashaya, ga Tubanci da Larabci can wajen Gigimi. Wanda kuma ya karkata arewa ya bi Tawa zuwa Agadas, zai tarar da harshen Abzinawa.

To, yaya aka yi waɗannan al'ummomi suka zama ƙasa guda? Turawa ne suka shata iyaka, wannan gaskiya ne. Amma tun kafin su zo mutanen nan suna buƙatar juna, suna ciniki, suna auratayya, suna wasa, wani lokaci kuma suna yaƙi. Tarihinmu ya nuna abu guda a fili: duk lokacin da kowace al'umma ta ga rabonta a cikin ƙasa ana zama lafiya, duk lokacin da wata ta ji an bar ta a baya sai ɓaraka ta kunno kai.

Su wane ne ƴan Nijar

Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku hamada ce. Jahohi 8 ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Ƙidayar 2012 ta ba da mutum miliyan 17 da ɗoriya, yanzu kam an wuce haka nesa.

Hausawa sun ɗan haura rabin jama'a. Zabarmawa da Sanwai sun kai wajen kashi ɗaya cikin biyar. Sai Abzinawa, waɗanda Hausawa suka fi kira Buzaye, da Fulani da Barebari. Akwai kuma Tubawa, Larabawa, Gurmawa da Buduma na bakin tafkin Cadi.

Kowace daga ciki ma ba a dunƙule take ba. A cikin Hausawa akwai Katsinawa, Gobirawa, Adarawa, Arawa, Kurfayawa, Ƙonnawa da Damagarawa. A cikin Barebari akwai Mangawa da Mobar da Dagira. Fulani akwai na gida, akwai Bororo. Tubawa akwai Teda, akwai Daza. Sannan babu jahar da za a ce ta ƙabila ɗaya ce tak. Birnin Agadas na Abzinawa ne a tarihi, amma Hausa ake yi a kasuwarsa da unguwanninsa. A Filinge da Doso da Gaya mutane da yawa da Hausa da Zabarmanci suka tashi a baki.

Kafin zuwan Turawa

Ƙasar da ake kira Nijar yau mahaɗar dauloli ce. Daga yamma daular Sanwai ta miƙo har Agadas a zamanin Askiya Muhammadu, farkon ƙarni na 16. Da sojojin Maroko suka ci Sanwai a 1591, wani ɓangare na gidan sarautar ya gangaro kudu ƙasar Dandi. Daga gabas daular Barno ta riƙe Kawar da Mangari, ikonta ya kai har Damagaram. A arewa masarautar Agadas ta kafu tun ƙarni na 15, kuma hasumiyar masallacinta ta ƙasa, mai tsawon mita 27, tana nan tsaye. A kudu kuma ga ƙasashen Hausa.

Damagaram misali ce mai kyau ta cuɗanya. Asalin gidan sarautar daga Barno yake, jama'ar gari kuma da Hausa suke magana. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin ya zama zangon fatake tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus, da Larabawa da Abzinawa zaune a cikinsa.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya sake fasalin yankin. Shi kansa Shehu an haife shi a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin jahar Tawa ta yanzu. Bayan masu jihadi sun ci Katsina, gidan sarautar Haɓe ya yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sun zo sun kafa Tsibiri a shekarun 1830. A bakin kogin Kwara, malamin nan Bafillace Alfa Mahaman Jobbo ya mai da Sayi cibiyar karatu da Fulani da Zabarmawa suka yi tarayya a kanta.

Abin da ya fi sarauta ɗaure mutane shi ne abinci da kasuwa. Ayarin raƙuman Abzinawa kan tafi Fashi da Bilma ya ɗauko gishiri da dabino, ya gangaro Damargu da Damagaram har Kano ya sayar, ya koma da gero da tufafi. Baƙin rawanin da Ba'abzine ke taƙama da shi, a marinar Kura ta ƙasar Kano ake rina shi. Mangawa na kawo kanwa da mangul. Bayan an cire amfanin gona, manomi kan bar makiyayi ya zauna mashi a gona, shanu su ci kara su bar taki. Ko furar da muke sha kullum shaida ce: gero na manomi, nono na makiyayi.

Musulunci shi ma ya haɗa. Almajiri kan bar Adar ya je karatu gabas, malamin Agadas ya zauna Maraɗi, a yi sahu ɗaya ba a tambayar ƙabila. Duk da haka akwai Arna masu riƙe da al'adun gargajiya, daga baya kuma aka samu Kiristoci, ana zaune tare.

Kada dai mu ɗauka zamanin da duk daɗi ne. An yi hare-hare, an kama bayi, garuruwa sun ci juna. Wasu tabon na nan har yanzu, don sai a 2003 dokar ƙasa ta tanadi hukunci a kan bautar da mutum.

Zamanin Faransa

A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi zuwa Barruwa ta bakin tafkin Cadi. An gyara shi a 1898, 1904 da 1906, har Faransawa suka samu hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Wannan iyaka ta wajen kilomita 1,500 ita ce ta raba Maraɗi da Katsina, Ƙonni da Sakkwato, Difa da Barno.

Kusan kowane yanki ya ɗanɗani wutar mamaya, kuma ya yi turjiya. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni ta kashe jama'a masu yawa. A wannan shekarar Faransawa suka ci Damagaram, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1916 Firhun ya ta da Abzinawan yamma, Kawsan kuma ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Bayan haka sai haraji da aikin tilas, wanda bai bar kowa ba sai da aka soke shi a 1946. Wannan wahala ta bai ɗaya tana cikin abin da ya fara sa mutane ganin kansu a jirgi guda.

Amma Turawa sun bar wani kulli. A 1926 suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Daga nan lakwal da aikin gwamnati da aikin soja suka fi yawa a yamma. Shugabannin ƙasa uku na farko, Diori Hamani, Seyni Kountché da Ali Saibou, duka Zabarmawa ne, kasuwanci kuma ya fi ƙarfi a hannun Hausawa. Arewa da gabas mai nisa su aka fi bari a baya.

Ko da haka siyasar neman ƴanci ba ta bi layin ƙabila sak ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ya ce a ƙi zama ƙarƙashin Faransa, Diori na RDA ya ce a yarda. Su biyun Zabarmawa ne, ƴan uwan juna ma, amma Sawaba ta samu magoya baya sosai a garuruwan Hausa. An kafa jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, aka samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960.

Wasan taubashi

Idan aka tambayi ɗan Nijar sirrin zaman lafiyar ƙasarsa, abin da zai fara faɗi ke nan. Asalinsa a cikin gida yake: ɗan mace da ɗan namiji, wato ƴaƴan wa da ƙanwa, taubasai ne, suna yi wa juna tsiya ba a fushi. Haka kaka da jika. Daga nan abin ya faɗaɗa zuwa garuruwa da sana'o'i da ƙabilu. Fulani abokan wasan Barebari ne, abokan wasan Arawa ne. Zabarmawa na wasa da Gobirawa, suna wasa da Buzaye. Maƙera ma na wasa da Buzaye. Kowace al'umma tana da sunan abin a harshenta.

Yadda yake aiki kowa ya sani. Babarbare ya haɗu da Bafillace a tasha, ko bai taɓa ganinsa ba, sai ya ce ga yaronsa nan ya zo, wancan ya mayar mashi, jama'a su yi dariya, baƙunta ta ƙare. Amma wasan na da sharaɗi. Ba ka cutar abokin wasanka, ba ka zubar da jininsa, in ya shiga matsala kai ne na farko da za ka taimaka. In rigima ta tashi a gidansu kana da bakin shiga ka faɗi gaskiyar da wani ba ya iya faɗi, a saurare ka. A watan cika-ciki ake biyan kuɗin shara tsakanin taubasai, wasan ya fi armashi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai wasa da wanda ya san wasa ake yi. Maganar da za a yi dariya a kanta a bakin rijiya, in aka rubuta ta a Facebook ko aka tura a WhatsApp ga dubban mutanen da ba su san mai maganar ba, tana iya zama zagi.

Abin da gwamnatoci suka yi

Tambarin ƙasa kansa ya tattara sana'o'in jama'a: zangarniyar gero uku, kan sa, mashi da takubba biyu na Abzinawa, da rana a tsakiya. Taken ƙasa kuma kalma uku ne: ƴan'uwantaka, aiki, ci gaba.

Gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, ya daɗe yana labarai da harsunan gida, kuma tun shekarun 1960 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro a ƙauyuka. A 1973 aka fara gwajin koyar da yara da Hausa a wata lakwal a Damagaram, daga baya aka ƙara wasu harsuna. Gidajen rediyon karkara irin wannan namu sun fara bazuwa daga ƙarshen shekarun 1990.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Kountché ya farfaɗo da samariya, ya sa matasan jahohi suna haɗuwa a wasanni da aikin gayya. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Tun daga nan gasar ke zagaya jahohi, kowace jaha da ƴan kokowarta 10. Ranar kokowar ƙarshe, daga Ayoru har Bilma kunne ɗaya ake kasawa. Bikin 18 ga Disamba ma an mai da shi na karɓa-karɓa, kuma sunayen da aka ba shi sun nuna harsunan ƙasa: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, Tilaberi Candalo a 2019, sai Difa Ngila.

Inda aka samu ɓaraka

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin makiyaya. Samarin Abzinawa da yawa suka tafi Libiya da Aljeriya. Da suka dawo ƙarshen shekarun 1980 ba su tarar da abin da aka yi masu alkawari ba, alhali tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. A watan Mayu 1990 rikici ya ɓarke a Cintabaradan, sojoji suka mai da martani mai tsanani, fararen hula suka mutu. Daga nan tawayen arewa ya samo tushe, daga baya Tubawa ma suka ɗauki makami a gabas.

Babban taron ƙasa, wanda aka fi sani da konferans, ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin André Salifou, ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Ana cikin taron, a ƙarshen Oktoba, aka yi abin da mutanen Maraɗi ba su manta ba: a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran Fulani fiye da 100, akasari mata da yara.

An ɗauki darasi. Tsarin mulkin da ya biyo baya ya hana kafa jam'iyya a kan ƙabila, yanki ko addini. A majalisun dokokin da aka zaɓa daga 1993 an ware kujeru 8 na musamman don ƙananan al'ummomi irin Tubawa, Larabawa da Gurmawa. A 1993 ɗin aka yi dokar karkara, wadda ta kawo kwamitocin filaye da ake kira kofo, masu shata burtali da mashaya da wuraren kiwo. Hukuma kuma kan tsai da ranar sakin gonaki kowace shekara.

Ran 24 ga Afrilu 1995 gwamnati da ƴan tawaye suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai, da shiga tsakanin Aljeriya, Burkina Faso da Faransa. Aka amince a ɗauki tsofaffin ƴan tawaye aikin soja da sauran ayyukan gwamnati, a kuma ba yankuna ikon tafiyar da al'amuransu. Wannan rana ce ta zama ranar haɗin kan ƙasa, ake hutu duk shekara. An ƙara wasu yarjejeniyoyi a Aljeriya a 1997 da Njamena a 1998. Ran 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi aka cinna masu wuta a Agadas. A 2004 aka yi zaɓen komin 265, ƴan gari suka fara zaɓen magadan garinsu. Tawaye ya sake tashi a 2007, ya lafa a 2009.

Mulki ma ya zagaya. Mahamane Ousmane na Damagaram ya ci zaɓen 1993. Tandja Mamadou daga jahar Difa yake, Issoufou Mahamadou daga Tawa. Brigi Rafini, Ba'abzinen Iferwan, ya riƙe muƙamin faraminista daga 2011 zuwa 2021. Mohamed Bazoum, wanda ya hau a 2021 sojoji suka sauke shi ran 26 ga Yuli 2023, Balarabe ne. Masu nazari da dama na ganin wannan jawo kowa a jika na cikin dalilan da suka sa arewacin Nijar bai bi hanyar da arewacin Mali ya bi a 2012 ba.

Maganar harshe

Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa 10: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak, Barbarci, Tubanci, Larabci, Gurmanci, Buduma da Tasawak na Ingal. Faransanci shi ne harshen gwamnati tun 1960. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ran 26 ga Maris 2025 ya sauya wannan tsari: Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sauran kuma aka lissafa su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar.

Hausawa da yawa sun yi murna, wasu ƴan ƙasa kuma sun nuna damuwa kada a danne nasu harsunan. Wannan damuwa abin saurare ce. Hausa ta bazu a Nijar ta hanyar kasuwa da tasha da auratayya, ba wanda ya sa wa wani bulala ya koye ta, shi ya sa ba a ƙi ta ba. Bazabarme da Bafillace da Batube sun koyi Hausa, to mu Hausawa nawa ne muka iya ko gaisuwarsu? Fofo ga Bazabarme, wushe ga Babarbare, jam ga Bafillace, oyiwan ga Ba'abzine: ba su da wuyar riƙewa, kuma suna buɗe fuska. Babba juji ne, in ji masu iya magana. Wanda ya fi yawa shi ya kamata ya fi haƙuri.

Halin da ake ciki

Tun Fabrairu 2015 Boko Haram ke kai hari a jahar Difa. A Tilaberi da arewacin Tawa ƴan bindiga sun kashe ɗaruruwan fararen hula, kamar a Comabangu da Zarumdarai a Janairu 2021 da yankin Tiliya a Maris 2021. A kudancin Maraɗi kuma satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun addabi ƙauyukan bakin iyaka. Babban haɗarin shi ne a ɗauki laifin wasu tsiraru a jingina ma ƙabila sukutum. Masu ɗauke da makamai abin da suke so ke nan, don in maƙwabci ya daina yarda da maƙwabci su ke samun mabiya. A Banibangu al'ummomin yankin sun zauna sun sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Janairu 2023, abin da ya nuna har yanzu zama a tabarma ɗaya na da amfani.

Ƴan uwanmu na ƙetare sun fi kowa sanin wannan. A zangon Kumasi, a Abijan, a Legas, a Kwatano ko Sabha, ba a tambayar ko kai Ba'adare ne ko Bazabarme. Ɗan Nijar ake ce maka, kuma in rashin lafiya ko rasuwa ta samu, ƴan Nijar ne ke haɗa kuɗi. Saƙon murya da kuke turowa gida yana da nauyi a ƙauye. Kafin ku tura labarin da ke zargin wata ƙabila, ku bincika tukuna.

Ranakun da ya kamata a riƙe

- 24 ga Afrilu: ranar haɗin kan ƙasa, tunawa da yarjejeniyar 1995.
- 3 ga Agusta: ranar samun ƴancin kai a 1960.
- Watan Satumba: bikin lasar gishiri na makiyaya a Ingal, inda Abzinawa da Bororo ke haɗuwa.
- 18 ga Disamba: ranar kafa jamhuriya a 1958.
- Watan cika-ciki: lokacin biyan shara tsakanin abokan wasa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya maido da matafiyanmu gida lafiya.